Lambar da ke shaidar fayil, da iyakar abin da take iya shaida

A ƙarshen kowane wata, a kamfanoni da yawa na duniya, akwai aikin da ake yi cikin dare ba tare da wani yana kallo ba. Wata kwamfuta da ke ɗaki mai sanyi takan tattara sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu da albashin kowa, ta zuba su cikin fayil guda, ta tura wa banki. Da safe kwamfutar banki ta karanta, ta raba kuɗi. Tsakanin fitar fayil ɗin da karanta shi, ya bi ta hannun na'urori da manhajoji da dama, kuma kowace daga cikinsu tana iya gutsure masa wutsiya, ko ta sauya masa harafi, ko ta ƙara masa abin da ba a sa ta ba. Kafin mai karɓa ya taɓa kuɗin kowa, ya kamata ya tabbatar cewa abin da ke hannunsa shi ne aka aiko, babu ragi babu ƙari. Abin da masana kwamfuta suka tanada don haka shi ne lambar hash, wato gajeriyar lamba da ake fitarwa ta hanyar lissafi daga cikin fayil gaba ɗayansa. Mai aikawa ya fitar da tasa, mai karɓa ya fitar da tasa, a gwama. Fitar da lambar ba wani aiki ba ne, umarni ne na layi ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne yarjejeniyar da ke bayanta: mene ne ainihin abin da ake aunawa, a wane lokaci, da wane irin lissafi, kuma ta wace hanya lambar za ta isa ga mai karɓa. Kamfanin da bai zauna ya warware waɗannan ba, lambar da yake fitarwa ado ce kawai. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a kan matsakaiciyar sabar kasuwanci ta kamfanin IBM, wadda tsofaffin ma'aikata har yau suke kira AS/400.

Tushen dabarar yana aljihun duk mai katin banki. Lambar ƙarshe da ke jikin katin an samo ta ne daga lissafin sauran lambobin, bisa hanyar da Hans Peter Luhn, injiniya a IBM, ya ƙirƙiro a shekarun 1950. Idan mutum ya yi kuskuren lamba ɗaya wajen rubutawa, lissafin ba zai fito ba, na'ura ta ƙi karɓa tun kafin ta tuntuɓi banki. Haka lambar asusun banki ta Najeriya mai alƙaluma 10 take, alƙalami na ƙarshe mai gadin sauran 9 ne. Sai dai wannan gadi yana da rauni iri biyu. Alƙalami ɗaya fuska 10 kawai gare shi, don haka in lamba ta dagule gaba ɗaya, sau ɗaya cikin 10 za ta wuce ba a lura ba. Sannan lissafin a buɗe yake kuma mai sauƙi ne, duk mai son ha'inci yana iya shirya lambar ƙarya da za ta dace da shi. Tsarin CRC da W. Wesley Peterson ya gabatar a 1961, wanda ke cikin fayilolin zip da wayoyin sadarwar ofisoshi, ya rage rauni na farko sosai, amma na biyun ko gezau. An yi shi ne don kama kuskuren waya da na faifai. Wanda ya san lissafin yana iya sauya abin da ke cikin fayil ya gyara wasu 'yan wurare har CRC ta koma yadda take.

Lambar hash ta masana tsaro an gina ta ne don ta jure wa mai gangan. Wadda aka fi amfani da ita a yau ita ce SHA-256, da Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta tsara, aka fitar da ita a 2001. Kwamfuta tana ajiye komai ne a matsayin bayit, kowane bayit kuwa lamba ce tsakanin 0 da 255. SHA-256 takan yayyanka fayil gunduwa-gunduwa, bayit 64 kowace, ta cakuɗa kowace gunduwa da sakamakon wadda ta gabace ta har zagaye 64, a ƙarshe ta haɗa da tsawon fayil ɗin kansa. Abin da ke fita koyaushe bayit 32 ne, ana rubuta shi da alamomi 64 daga cikin 0 zuwa 9 da a zuwa f, ko fayil ɗin shafi ɗaya ne ko ya cika faifai. Idan aka ba ta haruffa uku, abc, sakamakon yana farawa da ba7816bf ya ƙare da f20015ad, a kowace kwamfuta a duniya, jiya da yau da gobe. Fayil ɗin da babu komai a cikinsa ma yana da tasa, tana farawa da e3b0c442, kuma yana da kyau ma'aikaci ya haddace wannan, domin ganinta na nufin an tura holoƙo. A sauya harafi ɗaya tak, kusan rabin sakamakon zai birkice, ba yadda za a yi a gane cewa fayilolin biyu 'yan'uwan juna ne. Yawan sakamakon da ke iya fita lamba ce mai alƙaluma 78, kuma har yau ba a taɓa nuna fayiloli biyu mabambanta da suka haɗu a kan SHA-256 ɗaya ba. Wani abin sha'awa, lambobin da ake fara cakuɗawar da su an ɗauko su ne daga tushen lambobi irin su 2 da 3 da 5 da 7, don kowa ya ga ba a ɓoye wata dabara a cikinsu ba.

Duk wannan ƙarfi yana kan abu ɗaya ne: bayit. Lissafin bai san suna ba, bai san albashi ba, bai san harafi ba. A nan ne sabar IBM take da abin koyarwa. An fito da AS/400 a watan Yunin 1988, daga masana'antar kamfanin da ke Rochester a jihar Minnesota, don kamfanonin da babbar kwamfuta irin ta manyan bankuna ta yi musu yawa, ƙananan kwamfutocin tebur kuma suka yi musu kaɗan. Sunanta ya sauya sau da dama, iSeries a 2000, System i a 2006, kuma tun 2008 ana kiran babbar manhajarta IBM i, tana gudana a kan injinan Power. Bankuna da kamfanonin inshora da dillalan kaya da masana'antu suna riƙe da ita saboda ba ta cika ba da matsala ba, kuma manhajar da aka rubuta da harshen RPG shekaru 30 da suka wuce tana iya ci gaba da aiki a sabon inji. Wannan riƙon amana ga tsohon aiki ya zo da gado. Na'urar tana rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, wanda IBM ta fitar tare da kwamfutarta System/360 a 1964, tushensa kuma katunan da ake hudawa ne. Kusan duk sauran kwamfutocin duniya sun bi tsarin ASCII da magajinsa UTF-8.

A duba bambancin kusa-kusa. Babban harafin A a ASCII lamba 65 ne, a EBCDIC 193. Sifiri a ASCII 48 ne, a EBCDIC 240. Tazarar da ke tsakanin kalmomi 32 ce a can, 64 a nan. Mutum biyu suna iya zama, ɗaya gaban koren allon IBM i, ɗaya gaban Windows, su karanta wa juna rubutu ta waya layi-layi, su yarda cewa abu ɗaya suke gani, alhali da wuya a sami bayit ɗaya da ya dace tsakanin fayilolinsu. In suka fitar da SHA-256, lambobin za su sha bamban, kuma lissafin bai yi ƙarya ba. Sau da yawa ma ba su san an yi juyin ba, domin manhajar tura fayil ta FTP, bisa ƙa'idarta ta 1985, takan ɗauka rubutu ake turawa in ba a gaya mata akasin haka ba, sai ta juya haruffan a kan hanya don taimako. Har ila yau Windows tana rufe kowane layi da bayit biyu, 13 da 10, Linux kuwa da guda, 10 kawai. A ɓangaren ajiyar IBM i da ake kira IFS, inda fayiloli suke zaune irin na sauran kwamfutoci, kowane fayil yana ɗauke da wata alama mai suna CCSID da ke faɗin tsarin haruffansa: 37 EBCDIC ne na Amurka, 819 tsarin Latin ne na yammacin Turai, 1208 kuma UTF-8. Alamar tana gefen fayil ne, ba ta cikinsa, don haka ana iya sauya ta rubutu ya rikice a kan allo lambar hash ba ta motsa ba, ana kuma iya juya bayitocin rubutu ya fito daidai lambar ta canza. Masu sunayen Hausa suna da rabo a wannan rikici. Harafin Ɗ bayit biyu ne a UTF-8, a tsari na 37 kuwa babu shi sam. Sunan da ya fara da shi in ya shiga can, alamar cike gurbi ake sa masa, kuma in ya dawo ba zai dawo da ƙugiyarsa ba.

Akwai matsalar da ta fi wannan zurfi, wato ma'anar fayil ita kanta. Yawancin bayanan kasuwanci a IBM i suna zaune ne cikin rumbun bayanai na Db2, wanda ke haɗe da babbar manhajar, kuma abin da tsofaffin hannu ke kira fayil a can tebur ne mai layuka. Kowane layi tsawonsa ƙayyadadde ne, in suna bai cika gurbinsa ba a cike da tazara. Lambobin kuɗi ana matse su biyu-biyu cikin bayit ɗaya, ta yadda 12345 ke cin bayit 3 kawai, rabin na ƙarshe yana nuna ko riba ce ko bashi. Layin da aka goge gurbinsa yana nan har sai an sake tsara teburin, sabon layi kuma yana iya faɗawa cikin wannan gurbi. Wanda ya ce zai fitar da hash na irin wannan tebur, dole a tambaye shi na me. Abin da banki zai karɓa kwafe ne da aka fitar zuwa IFS, galibi da umarnin CPYTOIMPF, kuma a wurin fitarwar ake yanke hukunci kan tsarin haruffa, da alamar raba gurabe, da ƙarshen layi, da ko za a datse tazarar da ta yi saura. Ko jerin layukan ma, in an ciro su da harshen SQL ba a faɗi yadda za a jera su ba, rumbun bai yi alkawarin zai kawo su yau yadda ya kawo jiya ba. Haka ma in an naɗe bayanan cikin fayil ɗin adana na na'urar ko cikin zip: dukansu suna rubuta kwanan wata da lokaci a cikinsu, don haka naɗi biyu na kaya iri ɗaya suna iya ba da lambobi biyu. Hukuncin da ya fito daga nan a fili yake. A fitar da lambar daga kwafen ƙarshe, wanda shi ne zai bar gida, bayan an gama duk wani juyi da naɗi, sannan a tura shi a yanayin da FTP ke kira binary, wanda ba ya taɓa ko bayit ɗaya. In kuwa juyin dole a can zai faru, to mai karɓa ya gwada lambar kafin ya juya.

Shi aikin kansa gajere ne. IBM i tana da wani sashe mai suna PASE da ke gudanar da manhajojin Unix. Ma'aikaci ya rubuta CALL QP2TERM a koren allo, ya shiga, ya rubuta openssl dgst -sha256 ya bi shi da sunan fayil, lambar ta fito. A ɗaya ɓangaren, mai Linux yana da sha256sum, mai Windows yana da certutil da Get-FileHash. Mai rubuta manhaja da RPG da ke son aikin ya gudana cikin dare ba da hannun kowa ba, yana da ƙofar da IBM ta tanada mai suna Qc3CalculateHash, wadda ake iya miƙa mata babban fayil kaɗan-kaɗan har a kai ƙarshe. A nan akwai rami da ke cin ƙwararru. In manhajar ta buɗe fayil ɗin IFS a matsayin rubutu, babbar manhajar za ta juya mata haruffan zuwa tsarin da aikin ke gudana a kai tun kafin su iso hannunta. Sai ta yi lissafi daidai a kan bayitocin da ba su ne ke kan faifai ba, ta fitar da lambar da babu wanda zai iya maimaita ta a wata na'ura. Maganin shi ne a buɗe fayil ɗanye. Db2 ma tana da HASH_SHA256 don abin da ke cikin gurbin tebur, kuma ramin nan ɗaya ne: kalma ɗaya a gurbi mai alamar 37 da gurbi mai alamar 1208 lambobi biyu za ta bayar. Akwai kuma ɗan ƙaramin abin da kan ɓata wa mutane rana guda cur, wato Get-FileHash da manyan baƙaƙe take rubuta sakamako, openssl da ƙanana. Ido ya san lamba ɗaya ce, manhajar da ke gwamawa harafi da harafi ba ta sani ba sai an gaya mata. Kafin a amince da kowace manhaja da aka rubuta a gida, a ba ta abc a tsarin ASCII a ga ko ba7816bf za ta fara fitarwa.

Mai ja da wannan magana zai ce duk wahalar banza ce, tunda hanyoyin sadarwa suna duba kuskure da kansu. Gaskiya ne suna dubawa. Kowane ƙullin bayani da ke bin waya yana da CRC, ƙa'idar TCP tana da nata lissafin, hanyoyin da ke rufe bayani kamar SFTP kuma nasu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma lissafin TCP bayit 2 ne kacal, kuma a shekarar 2000 Jonathan Stone da Craig Partridge sun bi sawun bayanan da ke yawo a intanet, suka ƙiyasta cewa tsakanin ƙulli ɗaya cikin miliyan 16 da ɗaya cikin biliyan 10 yana wucewa da kuskuren da ba a kama ba. Da yawan kurakuran kuma a cikin na'urorin da ke kan hanya da manhajojinsu suke faruwa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, duk waɗannan gadi na tafiya ne kawai. Ba ruwansu da abin da ya faru kafin fayil ya hau hanya, ko bayan ya sauka. Faifai yana iya cika a tsakiyar rubutu. Aikin da ke ɗaukar fayil da ƙarfe 2 na dare yana iya ɗauka alhali ana kan zuba shi, ya tafi da kashi biyu cikin uku. Ma'aikaci yana iya buɗe fayil a Excel don ya leƙa, ya danna adanawa, sifilan da ke gaban lambobin asusu su zube. A duk waɗannan hanyar sadarwa ta yi aikinta tsaf, ta isar da gurɓataccen abu lafiya lau. Tun 1981 masana uku na jami'ar MIT, Jerome Saltzer da David Reed da David Clark, suka kafa hujja cewa tabbacin isar fayil sai daga bakin nan zuwa bakin can, kuma misalin da suka yi amfani da shi ke nan: mai karɓa ya karanta abin da ya sauka a faifansa, ya yi lissafi, a gwada da na mai aikawa.

Ja na biyu ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci a ba shi haƙƙinsa. Tsofaffin manhajoji da yawa MD5 suke amfani da ita, wadda Ronald Rivest ya tsara a 1991, mai alamomi 32. Masu riƙe da ita sukan ce su kuskure suke gudu, babu maƙiyi a tsakaninsu da abokin cinikinsu, don me za su taɓa abin da ke aiki? A kan kuskure tsantsa suna da gaskiya. Faifan da ya lalace ko fayil ɗin da aka yanke ba zai taɓa faɗawa kan MD5 ɗin asali bisa tsautsayi ba. Amma a 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta a ƙasar Sin sun nuna yadda ake ƙera bayanai biyu masu MD5 ɗaya, yau kuwa kwamfutar cinya tana yin haka cikin ƙiftawar ido. A 2012 aka gano muguwar manhajar leƙen asiri mai suna Flame a Gabas ta Tsakiya, wadda ta bi ta wannan rauni ta ƙirƙiri takardar shaidar da ta sa kwamfutoci suka ɗauka daga Microsoft ta fito. SHA-1 ta 1995, mai alamomi 40, ta bi sahu a watan Fabrairun 2017, lokacin da Google da cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam suka wallafa takardun PDF biyu masu abin ciki daban da lamba ɗaya. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta sa ƙarshen 2030 a matsayin wa'adin barin SHA-1 gaba ɗaya. Ya kamata a faɗi iyakar raunin don kada a zuzuta: abin da aka karya shi ne iya shirya fayiloli biyu tare don su yi karo, ɗaukar fayil ɗin wani a ƙera masa tagwai kuwa har yanzu ya fi ƙarfin kowa. To amma shirya biyu tare shi ne ainihin abin da maha'incin cikin gida zai so, ya kai wa shugaba fayil mai kyau ya amince, ya tura wa banki ɗayan. Kuma lambar da aka fara ajiyewa don gudun kuskure, ranar da rigima ta tashi ita za a ɗauko a matsayin shaida gaban mai binciken kuɗi ko alƙali, ba wanda zai tuna da wace niyya aka fara. Kuɗin sauyawa zuwa SHA-256 kalma ɗaya ce a layin umarni da faɗaɗa gurbi daga 32 zuwa 64. Batun nauyin lissafi ma ya daina zama uzuri, domin tun injinan POWER8 na 2014 akwai umarnin gaggauta SHA-256 a cikin ƙwaƙwalwar injin kanta.

Ko an zaɓi lissafi mafi ƙarfi, akwai abin da lambar ba ta iya faɗa, wato wane ne ya aiko. Kowa yana iya fitar da SHA-256, har da ɓarawo. Ɗan kasuwar da ya loda buhuna a mota, in ya rubuta adadinsu a takarda ya ba direba, takardar za ta kama kuskuren lodi, amma direban da ya sauke buhu biyu a hanya zai sake rubuta takardar. Shi ya sa mai wayo yake buga wa wakilinsa waya ya faɗa masa adadin da bakinsa. Kamfanonin da ke ajiye fayil da lambarsa a jaka ɗaya, a saba ɗaya, da kalmar sirri ɗaya, takardar direba suka bayar. An ga haka ƙiri-ƙiri a ranar 20 ga Fabrairun 2016, lokacin da aka yi kutse a shafin Linux Mint, aka karkatar da masu saukewa zuwa kwafen da aka dasa wa ƙofar baya, aka kuma sauya lambar tantancewar da ke shafin ta dace da gurɓataccen kwafen. Wanda ya gwada da lambar shafin a ranar, daidai ya gani. Mafita mafi arha ita ce lambar ta bi wata hanya daban da fayil. Wadda ta fi ta ita ce HMAC, da aka gabatar a 1996, inda ake cakuɗa wani mabuɗin sirri da ɓangarorin biyu kaɗai suka sani cikin lissafin, wanda ba shi da mabuɗi ba zai iya fitar da lambar da za ta karɓu ba. Sama da ita akwai sa hannun dijital, inda mai aikawa ke hatimce lambar da mabuɗin da shi kaɗai ke riƙe da shi, ta yadda gobe ba zai iya musun shi ya aiko ba. Fayil ɗin da ke motsa kuɗi, a ganina, bai kamata ya tsaya ƙasa da wannan ba.

Haka kuma dacewar lambobi ba ta wanke abin da ke cikin fayil. In manhajar albashi ta ninka wa wani kuɗinsa sau biyu kafin a fitar da kwafe, SHA-256 za ta raka kuskuren har banki, ta shaida cewa ya iso cif. Tsohuwar al'adar masu lissafi ta rubuta adadin layuka da jimillar kuɗi a ƙasan fayil tana nan da amfaninta, domin ita ma'ana take dubawa, kuma juyin haruffa ba ya taɓa ta. Wasu kuma sukan ɗauki hash a matsayin hanyar ɓoye bayani, tunda ba a iya juya lissafin baya. Ba a juya shi, amma ana iya canka. Lambar waya ta Najeriya alƙaluma 11 ce, katin hoto na kwamfutar wasanni kuwa yana lissafa SHA-256 biliyoyi a daƙiƙa guda, don haka gwada dukkan lambobin da ke iya yiwuwa aikin ɗan lokaci ne.

Saura abin da ake yi ranar da lambobin suka saɓa, kuma a nan ne tsari da yawa ke rushewa. Lambar ba ta faɗin inda bambancin yake ko girmansa, tazara ɗaya da ɓacewar rabin fayil duk iri ɗaya suke a wurinta. In ana yawan samun saɓani saboda juyin haruffa, ma'aikatan dare sukan saba da jan gargaɗin, su riƙa danna ci gaba, ranar da na gaske ya zo shi ma su danna. Saboda haka dole manhajar ta tsayar da aikin da kanta, kuma a rubuta tun farko wanda za a tasa daga barci. Shi kuma wanda aka tasa, girman fayil a ɓangarorin biyu zai fara dubawa. In na mai karɓa ya gaza da yawa, an yanke shi a hanya ko an ɗauke shi kafin a gama zubawa. In bambancin ya yi daidai da adadin layuka, ƙarshen layi ne aka sauya tsakanin Windows da Unix. In ya ɗara da bayit 3 cif, wataƙila wata manhajar Windows ce ta liƙa alamar UTF-8 a farkonsa. In girman ɗaya ne amma lambobin sun bambanta, a buɗe bayitocin farko ɗanye: inda ake sa ran 193 aka ga 65, an juya EBCDIC a kan hanya. In kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a ajiye kwafen biyu kada a taɓa su, a nemi a sake turowa, a kuma sanar da masu tsaron bayanai kafin banki ya buɗe.